Panno, Gurup ko Wutar NIGELEC: Da Me Za Ka Riƙa Cika Baturanka a Tawa?

Yawancin baturan da ke mutuwa a garin nan ba tsufa ke kashe su ba, rashin cika ne. Mutum zai fitar da jikkuna ɗaruruwa ya sayi manyan batura huɗu masu amfa-awa 200 (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa), irin waɗanda aka ƙera don a zuƙe su a hankali cikin dare a sake cikawa da rana, amma da an zo kan abin da zai riƙa cika su sai ya ce wa mai haɗawa, "Malam, duba mana mai sauƙi, kuɗin sun ƙare." Kafin shekara ta zagayo, kwanjilatar, wato firjin ƙanƙara, ya fara tsayawa da ƙarfe biyun dare, sai a ce an sayar masa da jabu. Wani lokaci jabun ne kuwa. Amma sau da yawa batirin kirki ne aka yi ta kwana da shi rabin ciki har ya saba da hakan.

Hanyoyin da ke gabanmu a Tawa uku ne: wutar NIGELEC da caja, gurup (injin ba da wuta) da caja, ko panno (farantin hasken rana) da regilatar, ɗan akwatin da ke daidaita wutarsa. Kafin a auna su, sai an san yadda batirin dalma ke karɓar wuta, don a nan ne duk bambancin yake.

Wanda ya taɓa cika buhun gero ya san sha'anin. Da farko juyewa kawai ake yi, kwarya bayan kwarya, buhun na haɗiye duk abin da aka ba shi. Da ya kusa baki sai aiki ya canja: a girgiza, a danna, a ƙara ɗan kaɗan, a sake girgizawa. Batirin dalma daga rabi zuwa kusan kashi 80 cikin 100 yana shan duk amfar da caja ta iya ba shi. Daga nan ƙarfin wutarsa ya kai iyaka, wajen bolt 14.4 ga batir mai bolt 12, dole caja ta tsaya a wannan matsayi, amfa kuma ta yi ta raguwa da kanta. Ragowar kashi 20 ɗin nan yakan ci awa uku zuwa huɗu, kuma babu kuɗin da ke gaggauta shi. Ka kawo caja mai girma ninki biyu, zangon farko kawai za ta rage maka, na ƙarshen yana nan yadda yake. Idan kuwa aka yi ta tsallake shi kullum, wani farin gishiri da ke taruwa a kan farantan dalma yayin da batir ke aiki, wanda caji cikakke ke narkarwa ya mayar cikin ruwan, sai ya daskare ya yi tauri. Wurin da ya kama ya tashi daga aiki. Batirin 200 ya koma na 150, ya koma na 100, alhali daga waje fes yake kamar sabo.

To, tambayar da nake yi wa kowace hanya ita ce: wa zai ɗauki nauyin awa huɗun nan na ƙarshe, kuma nawa zai ci?

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Mai butik ne, yana da kwanjilatar na ƙanƙara da ruwan sanyi, fanka biyu, fitilu, da allon cajin wayoyi. Ya haɗa baturansa huɗu bibbiyu, sun ba shi bolt 24, amfa-awa 400. A lissafi kilowat-awa 9.6 ke nan, amma batirin dalma ba a so a sauke shi ƙasa da rabi idan ana son ya daɗe, saboda haka abin da yake da shi na gaske 4.8 ne. Kowace safiya yana bin kansa bashin amfa-awa 200, har da ɗoriya, don batirin dalma ba ya mayar da duk abin da aka zuba masa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na tafiya a zafi da tafasar ruwa. Ƙa'idar masu ƙera irin waɗannan batura ita ce amfar caji ta tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 20 na girman batir. Ga mai butik ɗinmu, amfa 40 zuwa 80. Ƙasa da 40 rana za ta faɗi bai cika ba. Sama da 80 batir zai yi zafi ya sha ruwansa.

Wutar NIGELEC ita ce mafi araha, wannan ba gardama. Ko a rukunin gidaje mafi tsada, kilowat-awa bai kai sefa 200 ba, kuma caja mai kyau za ta yi zangon farko da na ƙarshe ba tare da kowa ya tsaya a kanta ba. Matsalarta ɗaya ce, kowa ya san ta. Yankinmu da Maraɗi da Damagaram mun daɗe muna rataye a layin da ke shigowa daga Katsina ta Gazawa, kamar yadda Yamai ke rataye a na Birnin Kebbi. An buɗe tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, Yamai ta samu ta Gorou Banda mai megawat 30 a 2023, amma lokacin da Najeriya ta katse wuta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki, har zuwa farkon 2024, kowa ya ga inda igiyar take. Ko babu rikicin siyasa, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da kowane gida ke kunna duk abin da ke kawo sanyi, wutar kan zo guntu-guntu. Awa biyu ta zo, awa uku ta tafi. Guntayen nan su ne makasan batir, don duk lokacin da caja ta fara shiga zangon ƙarshe sai a ɗauke, batir ya koma aiki, a dawo da wuta a sake faro na farko. Mako guda a haka batirin bai ga cikarsa ba ko sau ɗaya.

Akwai kuma maganar raunin wutar. Wanda ke ƙarshen layi a unguwa ya san yadda bolt 220 ke komawa 180 da magariba. Tsohuwar caja mai nauyi, mai taransifoma kawai a ciki, irin ta masu cajin batirin mota a tasha, tana bin wutar da ta shigo mata ne sau da ƙafa: wuta ta yi rauni, caji ya ragu ya zama kamar babu, wuta ta yi ƙarfi cikin dare, ta yi ta tafasa batir don ba ta san tsayawa ba. Ta yi daidai ga batirin mota da za a ɗora awa uku a sauke, amma ba ta da wuri kusa da batura na jika ɗaruruwa. Abin nema shi ne caja ta zamani mai zango uku (biyun da muka faɗa, da na riƙe batir a cike), wadda aka rubuta a jikinta cewa tana karɓar wuta daga wajen bolt 170 zuwa 260, kuma ana iya saita mata irin batirin, na ruwa ne ko na jel. A kuma tuna da kontar, wato mitar wutar gida: caja mai amfa 40 a bolt 24 tana jan sama da wat 1,300 daga bango. Idan kontar ɗinka ta kilowat 3 ce, ka kunna dutsen guga a kai, disjontar, makunnin tsaronta, na iya faɗuwa.

Wanda ke cikin gari, a layin da ke samun awa bakwai ko takwas a jere yawancin darare, caja mai kyau kaɗai na iya riƙe shi wata tara a shekara. Sauran ukun ne abin tunani.

Sai gurup, wanda shi ne mutane suka fi yi wa mummunar fahimta. Na farko, ramin nan na bolt 12 da ke jikin ƙananan gurup, wanda mai sayarwa ke nunawa yana cewa "har cajin batir yana yi, Alhaji". Amfa 8 yake bayarwa, kuma a yawancinsu babu abin da ke daidaita shi. Batir guda mai 200 da ya sauka rabi zai ci fiye da awa goma sha biyu a kansa, gurup na ta ruri yana shan esans don ya fitar da wat ɗari kacal. Ga mai bolt 24 ma ba ya aiki sam. An yi shi ne don tayar da batirin babur ko na mota da ya kwanta. Gurup ba ya cajin batura da kansa. Caja ce ke yi, shi wutar 220 kawai yake ba ta.

Na biyu, girma. Mutum zai lissafa: caja na jan wat 1,300, gurup na 1,500 ya isa. Ba ya isa. Yawancin cajoji masu araha ba sa jan wuta sumul, fizga suke yi, don haka gurup na jin nauyin da ya fi abin da aka rubuta, kusan kilo-bolt-amfa 2 (ma'aunin girman gurup) ga wannan cajar. Ga shi lambar da ke jikin gurup ta ƙoƙarinsa na ɗan lokaci ce, ba ta aikin yini ba. Ga kuma zafi: injin da aka auna a iska mai digiri 25 ba zai ba da ƙarfinsa duka ba a inuwar da ta haura 40, da matatar iska cike da ƙurar Adar. Mai butik ɗinmu na buƙatar gurup na kilo-bolt-amfa 3, ba ƙasa ba. Ƙaramin nan mai shan esans gauraye da mai, na wat 650 ko 900, bai ma shigo zancen ba. Wutarsa ma ba ta tsayawa wuri guda, tana hawa tana sauka, har wasu cajoji da kwambatisar (akwatin da ke juya wutar batir ta zama ta gida) su ƙi karɓarta, su yi ta kamawa suna saki.

Yanzu kuɗi. Ƙiyasi ne, don gurup ya bambanta, amma na 3 da ke ɗauke da kusan rabin kayansa yana shan wajen lita guda a awa. Zangon farko, daga rabi zuwa kashi 80, amfa-awa 120 ne, a amfa 40 awa uku ke nan, lita uku. A farashin da ke kusa da dala ɗari lita, jika ɗaya da rabi. Ya fi na NIGELEC tsada ninki biyu ko uku, amma an samu aiki. Abin takaicin yana zangon ƙarshe. Injin esans ko ba ya ɗauke da komai sai ya sha fiye da rabin abin da yake sha da kaya, don dole ya riƙe gudunsa. Awa huɗu zai yi yana kuka, ya shanye kusan wata lita ukun, don ya tura amfa-awa 80 da ke ta raguwa, har a awar ƙarshe yana ba batir abin da bai fi na fitila biyu-uku ba. Jika uku a rana, jika 90 a wata, ban da bidanji (canjin man inji), wanda a awa bakwai kullum zai riƙa zuwa duk mako ɗaya ko biyu. Babu mai butik ɗin da zai jure wannan. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne, da ya ga allon caja ya nuna bolt 28, sai ya ce wa yaronsa, "Kashe, ya cika." Bai cika ba, yanzu ma ya shiga zangon da ke raya shi.

Mai gazuwal ya fi tattalin mai kuma ya fi daɗewa, sai dai shi ma ba ya son aiki da ƙaramin kaya. Idan aka bar shi yana juyi ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, man ba ya ƙonewa duka, baƙin danƙo ya yi ta taruwa a salansa. Wanda ke da injin niƙa ko walda da dama yana kunna babban gurup, ya rataya caja a kai, riba ce. Amma sayen na gazuwal don batura huɗu kaɗai, almubazzaranci ne. Akwai kuma gurup na zamani masu rage gudu idan kaya ya ragu, irin su Honda EU22i da 'yan kwaikwayonsa. Wutarsu tsaf take, zangon ƙarshe ba ya ci musu mai sosai, amma kuɗin na asalin zai sayi panno da yawa, kuma idan allon cikinsa ya ƙone, ba kowane bakanike ne a gari zai taɓa shi ba. Ban ma kawo maganar samun man ba. Muna da matatar SORAZ tun 2011, duk da haka wanda ya yi layi a gidan mai a farkon 2025 ba sai an tuna masa ba.

A taƙaice gurup gwani ne a zangon farko, mugu ne a na ƙarshe. Panno kuwa halinsa ya zo daidai da inda gurup ya gaza. Da hantsi zuwa azahar yana ba da amfa mai yawa, bayan nan rana ta fara karkata, abin da yake bayarwa na raguwa, daidai lokacin da batir ma ya rage sha. Awa huɗun ƙarshe ba su ci ko dala ba, ba ƙara, ba wanda zai ce a kashe. Rana kuma ba abin da muka rasa ba ce, ƙasar nan na samun tsakanin kilowat-awa 5 zuwa 7 a kowane murabba'in mita a yini.

Sai dai ba a lissafin panno da lambar da ke bayansa. An auna wat 550 ɗin nan ne da panno na digiri 25. A kan rufin kwano a watan Afrilu yakan kai 65 ko 70, kuma kowane digiri na rage masa kusan kashi 0.35 zuwa 0.4 cikin 100. Kashi 15 ya tafi tun kafin a yi maganar ƙura. Da hunturu kuwa, hazo na tare rana daga sama, ƙura na kwanciya a kan gilashi daga ƙasa. Wanda ba zai iya sa a share masa panno sau biyu a mako ba, da sassafe kafin gilashi ya yi zafi, to ya ƙara guda a lissafinsa. A kafa shi yana fuskantar kudu, a karkace kamar digiri 15, daidai da matsayin Tawa a doron ƙasa, kuma a ɗaga shi daga kwano yadda iska za ta bi ta ƙarƙashi. A ɗaure shi da ƙarfe da noti, ba da waya ba; iskar da ke gaban ruwan farko a watan Yuni ba ta san tsadar kaya ba.

Mai butik na son mayar da wajen kilowat-awa 6 cikin batura, ga kwanjilatar na ci da rana ma. Panno uku masu 550 za su yi a ranar da komai ya tafi daidai. Ni huɗu nake cewa.

Inda aka fi yin asara shi ne regilatar, wannan ɗan akwatin da ke tsakanin panno da batir. Iri biyu ne a kasuwa, PWM da MPPT, kuma tazarar kuɗinsu na sa mutane da yawa su ɗauki na farko. PWM makunni ne kawai mai saurin buɗewa da rufewa: yana haɗa panno da batir kai tsaye, panno ya sauko zuwa ƙarfin batir, abin da ya yi saura ya bi iska. A da, lokacin ƙananan panno masu bolt 18 da batir guda mai 12, asarar ba ta da yawa. Amma manyan panno na yanzu suna aiki ne a wajen bolt 41 da amfa 13. Ɗora ɗaya a kan batir mai 12 ta PWM: amfa 13 sau bolt 14, wat 180 da 'yan kai daga cikin 550. Ka biya kuɗin panno uku, kana cin ɗaya. A bolt 24 abin ya yi sauƙi, wajen wat 365, amma har yanzu kashi ɗaya cikin uku ya tafi. MPPT yana barin panno ya yi aiki a ƙarfinsa, ya juya rarar bolt ta zama amfa, asararsa ba ta wuce 'yan kashi kaɗan ba. Ga fitila huɗu da cajin waya a ƙauye da panno ƙarami, PWM ya wadatar, kada a wahalar da mutum. Ga batura huɗu da manyan panno, MPPT mai amfa 60 ne, babu zaɓi na biyu.

A yi hattara, don rubutu ba ya tsada. Akwai 'yan akwatunan roba marasa nauyi da aka buga wa MPPT a goshi, ana sayar da su kuɗin PWM, kuma PWM ɗin ne. Na gaske yana da nauyi saboda naɗin wayar tagulla da faffaɗan ƙarfen sanyaya da ke cikinsa. Gwajin da ba ya ƙarya: da hantsi, batir bai cika ba, a auna amfar da ke shigowa daga panno da wadda ke fita zuwa batir. A na gaske mai fita ta fi mai shiga. Idan daidai suke, an yi maka sakiyar da ba ruwa. Haka ma sauran kayan, ko daga Katako ta Yamai aka kawo su ko ta Ƙonni suka shigo: batirin dalma mai 200 na gaske yana kai kilo 55 zuwa 65, wanda yaro ya ɗauka da hannu ɗaya ba 200 ba ne, panno mai 550 tsawonsa ya haura mita biyu, faɗinsa ya ɗara mita guda.

Wani abu da masu haɗawa da yawa ke mantawa, saboda mun saba tunanin zafi kawai: sanyi na ƙara wa panno bolt. Wanda ba a ɗora wa kaya ba yana nuna kusan 50. Jera uku a layi ɗaya, 150 ke nan, daidai iyakar regilatar mai ɗaukar bolt 150. Da asubar watan Janairu, lokacin da ake jin ɗari har cikin ƙashi, sai su haura iyakar da bolt uku ko huɗu, kuma wannan ya isa ya ƙone shi. Shi ya sa huɗu suka fi uku daɗin haɗawa: biyu a jere, biyu a jere, a haɗa layukan, bolt 100 a kan regilatar mai ɗaukar 150.

Yanzu da yawa sun koma ga kwambatisar mai haɗe da komai, caja da MPPT da mai juya wuta a akwati guda. Yana rage wayoyi, yana zaɓen wuta da kansa tsakanin panno da NIGELEC da batir, kuma kuɗinsa bai kai na sayen ukun daban-daban ba. Aibinsa, ranar da ya lalace komai ya tsaya lokaci guda, kuma fankarsa na zuƙo ƙura cikin allon, sai ana hure shi. A karanta takardarsa kafin a biya: wasu ba sa fara karɓar wutar panno sai ta kai bolt 120, to panno uku a jere da zafin azahar ya sauke su ƙasa da haka, sai a ga rana tsaka amma caji sifili. Idan za a haɗa shi da gurup, a saita shi ya karɓi wuta mai faɗin iyaka, a kuma rage amfar cajinsa daidai ƙarfin gurup ɗin. Da yawa ana barin su a saitin da suka fito da shi daga kamfani, wanda ba lallai ya dace da batirinka ba.

Saitin nan kuwa, a Tawa, ba ƙaramin abu ba ne. Lambar 14.4 ta batir mai digiri 25 ce. Batir mai zafi yana son ƙasa da haka, a rage kusan bolt 0.02 zuwa 0.03 a kowane digiri ga mai bolt 12. A ɗakin da ya kai 40, sai a tsaya wajen 14.0, ko 28.0 ga mai 24. Regilatar ko cajar da ke da 'yar wayar jin zafi da ake mannawa a jikin batir tana yin wannan da kanta, kuma ni ita nake fara tambaya kafin sunan kamfani. Ba tare da ita ba, na ruwa zai yi ta shanye ruwansa, na jel kuwa ya bushe ya kumbura, kuma shi ba a buɗe shi a ƙara. Ko da saiti ya yi daidai, kowane digiri 8 zuwa 10 sama da 25 na raba rayuwar batirin dalma biyu. Ɗakin ƙasa mai kauri, mai taga, ya fi shagon kwano nesa ba kusa ba. A wannan zafin na fi karkata ga na ruwa mai dogayen faranti idan akwai mai kula da shi, ya duba shi duk wata ya ƙara ruwan batir tatacce, ba na rijiya ko na famfo ba. Tagar ma dole ce, don iskar da ke fita lokacin caji tana kama wuta. Gurup kuma waje, nesa da inda ake kwana.

To wanne za a saya? Idan kana wajen layi, a garakar albasa ta Galmi ko wani ƙauye a hanyar Keita, panno huɗu da MPPT su ne ginshiƙi, gurup ɗan taimako ne na kwanakin hazo mai kauri da gizagizan Agusta. Kuma lokacin kunna shi da sassafe ne, ba da dare ba. Da asuba batir na ƙasa, zai sha duk abin da caja ta ba shi, awa uku sun kai shi kusa da kashi 80, sai a kashe a bar wa rana sauran. Wanda ya kunna da magariba yana ƙona mai a kan batirin da ya rage sha, sannan ya shiga dare da shi bai cika ba. Idan kuɗi ba su kai duka ba, a fara da panno, a riƙa aron gurup. Kai, gara ma a sayi batura biyu da panno isassu, da a sayi huɗu a rasa abin cika su.

Idan kana cikin gari da kontar, caja mai zango uku ko kwambatisar mai haɗe da komai shi ne farko, sannan panno ko da biyu ne. Biyun ba za su ɗauki nauyin butik duka ba, amma za su ƙarasa abin da wutar dare ta bari, kuma aikin da aka fi buƙata ke nan a watannin bazara. Gurup shi kaɗai, ba panno ba NIGELEC, ban ga wanda zan ba shawararsa ba da batirin dalma, sai in dole ta sa, kuma da sharaɗin a daure a bar shi ya kai ƙarshe aƙalla sau ɗaya a mako.

Batirin litiyom, irin LiFePO4 da ya fara yawa a shagunan Yamai, yana rushe rabin wannan lissafi. Ba ya buƙatar dogon zangon ƙarshe, ba ya lalacewa don an bar shi rabi, yana shan amfa mai yawa har kusan bakinsa, kuma ana iya sauke shi kashi 80 ko fiye. Ma'ana, na kilowat-awa 6 zai yi aikin baturan dalma huɗun nan, kuma guntayen wutar NIGELEC ko awa biyu-uku na gurup sun zama abin amfani a gare shi. Wanda ya san dogaronsa a kan gurup ne ko wuta mai yankewa, ya fi masa ya ƙara kuɗi a nan. Amma yana da nasa sharuɗɗan. Dole caja ko regilatar su kasance masu saitin litiyom. Yawancinsu ba a so a yi musu caji sama da digiri 45, allon tsaronsa na iya yankewa a shagon kwano da azahar. Kuma saboda ba ya rage sha, caja za ta yi ta aiki da cikakken ƙarfi daga farko har ƙarshe, gurup ɗin da ke kan iyaka da dalma zai durƙusa da shi.

Ko wanne aka zaɓa, tsakanin regilatar da batir a sa wayar tagulla mai kaurin milimita murabba'i 16 aƙalla ga amfa 60, gajera, da fizibil (abin da ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa) kusa da kan batir. Siririyar waya na cinye rabin bolt a hanya, regilatar ya ga 28 a wurinsa ya ɗauka aiki ya ƙare, alhali batir 27.5 yake gani. Don sanin ko tsarin na cika baturan da gaske, kada a dogara da sandunan da ke allon. A zaɓi yini guda bayan la'asar, a cire komai daga batura, caji da kaya, a bar su su huta awa biyu zuwa uku, a auna kowanne shi kaɗai da miltimetir, na'urar auna bolt. Cikakke zai nuna wajen 12.7 ko sama. Idan 12.4 ake gani mako bayan mako, abin caji ya yi kaɗan ko kaya sun yi yawa, kuma idan guda ɗaya ne ya bambanta da 'yan uwansa, a raba shi a cika shi daban kafin ya ja sauran ukun.